Bikin Ƙarshen Shekarar Karatu: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Ni malamin firamare ne a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma uban 'yan makaranta huɗu. Kowace shekara, da an gama faretin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, sai hankalin iyaye ya koma kan rufe makaranta. Wasu su tare ni a bakin ƙofa, wasu a masallaci bayan Magariba, 'yan uwa na Marwa da Ngaundere kuma su bugo waya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsar da na saba bayarwa.

1. Yaushe shekarar karatu take ƙarewa, kuma wace rana ce ta biki?

A Kamaru ana shiga aji a farkon Satumba, a yi zango uku, a rufe a watan Yuni. Ma'aikatun ilimi biyu, MINEDUB mai kula da firamare da MINESEC mai kula da sakandare, su ke fitar da ranakun kowace shekara, don haka a tambayi darakta, wato shugaban makaranta, maimakon a dogara da ranar bara. Ranar da makaranta take taruwa ita ce ranar raba buletan, wato takardar sakamako, kuma a ranar ne ake ba da kyaututtuka a makarantun da suke yi.

Amma 'yan ajin jarrabawa lissafinsu daban. Ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, yana jiran jarrabawar CEP da gasar shiga 6e, ajin farko na sakandare; ɗan 3e, aji na huɗu na sakandare, yana jiran BEPC; ɗan 1re, aji na shida, Probatuwar; ɗan tarminal, ajin ƙarshe, kuma Bak. Masu karatu a ɓangaren Ingilishi suna da FSLC da GCE. Sakamakon manyan jarrabawoyin nan yakan kai Yuli kafin ya fito, saboda haka kada a ɗora tukunya kafin a ga suna a jeri. Waɗanda yaransu ke karatu a Njamena, ƙetaren gadar Kuseri, su tuna cewa Chadi tsarinta daban: BEF suke yi a madadin BEPC, kuma ba su da Probatuwar.

2. Me ake yi a makaranta ranar raba buletan?

A yawancin makarantun unguwa abin ba shi da tsawo. A share fili, a fito da bencina ƙarƙashin bishiyar darbejiya, a tanadi kujeru don mai unguwa da liman da shugaban ƙungiyar iyaye. Yara su rera taken ƙasa, ƙanana su yi haddar da suka koya, darakta ya yi jawabi, sannan a fara kiran suna aji-aji, daga SIL, ajin farko na firamare, har CM2. Na ɗaya da na biyu da na uku su fito a miƙa musu kaye, wato littafin rubutu, da biro da sabulu a ɗaure cikin leda, mata su rangaɗa guɗa. Makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci sukan buɗe da karatun Alƙur'ani su rufe da addu'a.

Roƙona ɗaya ne: uba ya zo da kansa, ko uwa. Na daɗe ina kallon fuskokin yara a wannan rana. Yaro yana karɓar takardarsa ba ya duba makin tukuna, sai ya waiga cikin taro yana neman nasa. Wanda ya ga babansa tsaye a bayan benci, ko da kayan aikin kasuwa a jikinsa, tafiyarsa ma takan canza.

3. Ba na jin Faransanci. Yaya zan gane abin da buletan ya ce?

Ana auna komai a kan 20. Abin da za ka fara nema shi ne mwayen ɗin shekara, wato matsakaicin makin zango uku: 10 zuwa sama an tsallake. A gefensa akwai matsayin yaro a aji, misali na 14 cikin 80. A sakandare kowane darasi yana da nauyinsa, don haka faɗuwa a lissafi ko Faransanci ta fi faɗuwa a ƙaramin darasi ja da baya. A can ƙasa kuma akwai hukuncin majalisar malaman aji: ya wuce, zai maimaita, ko an sallame shi. Idan an rubuta shi a allon yabo, abin da ake cewa tablo donar, to ya yi ƙoƙari sosai.

Akwai layin da iyaye ba sa dubawa, alhali ya fi matsayi faɗin gaskiya: adadin fashin da yaro ya yi. Kada ka bar yaron shi kaɗai ya fassara maka takardarsa. Ka tsaya wurin malaminsa ka ce, "Malam, a karanta mini wannan da Hausa ko da Fulatanci." Babu abin kunya a ciki, kuma ban san malamin kirki da zai ƙi ba. Idan labarin bai yi daɗi ba, duba tambaya ta 6.

4. Walima wajibi ce idan yaro ya ci jarrabawa?

Ba wajibi ba ce. Abin da ke wuyanmu shi ne godiya, walima kuwa hanya ɗaya ce cikin hanyoyinta. Allah ya yi alkawari a Suratu Ibrahim, aya ta 7, cewa idan muka gode zai ƙara mana. Gidan da aka taru bayan Isha'i, uba ya ce alhamdu lillahi, ya sa wa yaro albarka, aka aika kwanon tuwo ga almajirai ko ga tsohuwar da ke makwabtaka, wannan gida ya yi godiya cikakkiya. Wanda Allah ya hore wa ya yanka kaza ko akuya ya kira makwabta, shi ma ya kyauta, muddin bai shiga almubazzaranci ba.

Ana yawan tambayata game da sujadar godiya. Malamai sun saɓa: Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin mustahabbi ce, a mashhurin mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai kuwa an karhanta ta. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, kada ranar farin ciki ta koma ranar musu. Makwabtanmu Kirista su ma sukan kai godiyarsu coci, kuma idan sun aiko da barka a amsa musu da fara'a, a aika musu da nasu kwanon.

5. Nawa ya kamata a kashe?

Lissafin daga Satumba ake faro shi, a dawo baya. Ka zauna da uwargida ku rubuta abin da komawa makaranta zai ci: kuɗin rajista, kuɗin ƙungiyar iyaye ta APEE, ɗinkin tufafin makaranta, littattafai, takalmi, kuɗin takardun jarrabawa ga mai shiga ajin jarrabawa. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin firamaren gwamnati, amma duk mai yara ya san sauran ɗawainiyar tana nan daram. A ware wannan a ajiye. Abin da ya rage, a cikinsa ake biki. Kuma damina ce, lokacin da rumbu yake yin ƙasa, ga kuɗin taki da na noma. A 2024 da 2025 ma Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, aljihu ɗaya ya ɗauki rago da biki tare.

Abin da ya sa nake matsawa a nan, na gani da idona. Wata shekara wani makwabcinmu ya yi wa ɗansa gagarumin biki na cin BEPC, da rumfa da kujerun haya da lasifika, yawanci da bashi. Satumba ta zo, yaron ya yi mako uku a gida yana jiran kuɗin rajista, yana kallon abokansa suna wucewa da jaka. Har yanzu idan na tuna zuciyata takan sosu, don yaron mai ƙwazo ne, kuma kuɗin rumfar kaɗai da ya shigar da shi aji a ranar farko. Idan gidaje uku ko huɗu na unguwa suka haɗa tukunya ɗaya, nauyin yakan ragu, taron kuma ya fi armashi.

6. Ɗana ɗaya ya wuce, ɗayan zai maimaita aji. A yi bikin ko a fasa?

A yi, amma a sauya masa suna. Kada a ce walimar wane ce, a ce godiya ce ta gida don Allah ya kawo mu ƙarshen shekara lafiya. Wannan gaskiya ce ba lallashi ba: wata tara yaran suna tsallaka titi cikin babura, sun sha zafin Maris da Afrilu a aji mai rufin kwano, zazzaɓi ya kwantar da wasu ya tashe su. Wanda ya faɗi shi ma ya yi wannan tafiya. A zuba masa abinci daidai da na ɗan uwansa, a sa masa albarka da sunansa, a kuma hana goggo da kawu yi masa gori a gaban baƙi.

Akwai wani yaro da na koyar a CM1, aji na biyar na firamare, ba zan manta da shi ba. Ranar raba buletan bai koma gida ba har bayan Isha'i. Aka bazu nema, aka same shi a bayan masallacin unguwa, ya ninke takardar sau huɗu ya cusa a cikin safa. Mwayen ɗinsa 8 ne da ɗoriya. Kowa ya zaci mahaifinsa zai ɗauko bulala. Sai dattijon ya tsuguna, ya kama hannunsa ya ce, "Tashi mu je gida, ɗan baba, tuwonka na nan an rufe maka." Washegari suka zo wurina tare. Da muka bi abin a hankali sai muka gano yaron ba ya ganin allo daga bencin baya, ya shekara yana kwafar kayen na kusa da shi. Aka kai shi asibitin ido, aka dawo da shi bencin gaba, shekara ta gaba ya wuce ba tare da wahala ba.

Shi ya sa nake cewa a bar ranar ta wuce, sannan a nemi dalili. Sau da yawa ba daƙiƙanci ba ne. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa zangon farko. Wata talla take yi har dare. Wani an ɗauke shi dashen masakwa ko tsinkar auduga ya rasa makonni. Wani kuma Faransancin ne bai zauna masa ba tun CP, aji na biyu na firamare, aka yi ta tura shi gaba. Kowane dalili da maganinsa, duka kuwa ba ya cikin magungunan.

7. Ba malami kyauta halal ne, ko ya shiga cin hanci?

Lokaci da niyya su ke rabewa. Duk abin da aka kai wa malami kafin a rufe maki, ko da fatar a ɗaga yaro, ba kyauta ba ce, kuma cutar yaron ce kafin ta kowa. Akwai hadisi ingantacce na mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma ni aka ba. Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Ya kamata mu malamai mu riƙa tuna wannan. Mafi tsabta shi ne a bari sai buletan ya shiga hannu, kyautar ta zama ƙarama, a ba da ita a fili, in da hali da sunan iyayen aji gaba ɗaya.

Wanda nake so a fi tunawa da shi shi ne malamin iyaye, wanda ba ya cikin albashin gwamnati, ƙungiyar iyaye ce ke biyansa ɗan abin da ta tara. Makarantun ƙauyukanmu da yawa a kansu suke tsaye, kuma galibi idan aka rufe makaranta biyan ya tsaya sai an dawo. Kafin a yi maganar kyauta, a tambayi ma'ajin ƙungiya: an biya shi haƙƙinsa duka? Idan akwai bashin wata biyu a ƙasa, a fasa hayar lasifika a biya shi. Wannan ita ce godiyar da za ta shiga tukunyarsa.

Ba kuma sai da kuɗi ba. Kyautar da ta fi zauna mini a rai, wata tsohuwa ce mai riƙon jikanta maraya ta kawo. Ta jira taro ya watse, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwan zabi shida a cikin ƙaramar ƙwarya da dusa, ta ce, "Malam, ba ni da abin biyanka. Allah ya yi wa naka yadda ka yi wa nawa." Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, tsohuwar nan kuwa ta san haka ba tare da ta shiga aji ba.

8. Ban da malamai, wa ya cancanci a gode masa?

Mai gadin makaranta. Matar da ke soya makala da ƙosai a bakin ƙofa, wadda ta sha ba yaronka bashi ranar da ya fito ba kari. Mai babur ɗin da ke kai ƙananan. Yayar da ta riƙa zama da ƙanenta a gaban fitila. Malamin allo, wanda yaron ke zuwa wurinsa da asuba ko da yamma, kuma sau da yawa a wurinsa ya fara koyon zama wuri ɗaya. Sai uwar yaran, wadda ta tashi tun duhu wata tara tana dama kunu. Maigida ya gode mata da bakinsa a gaban 'ya'yanta, don su ji.

9. Wace kyauta ta fi dacewa da yaro?

Wadda za ta bi shi zuwa aji na gaba: jaka, ƙamus, fitila mai caji da rana, keke ga mai tafiya da nisa. A haɗa da ɗan abin da ransa ke so, ko ƙwallo ce ko sabon ɗankwali, don yaro yaro ne. Wayar hannu ga ɗan firamare ban goyi baya ba. Kuma kada a yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba. Yaro yakan manta makinsa, amma ba ya manta keken da aka ce za a saya ba a saya ba. A duba wanda ya tashi daga 7 zuwa 11, ba na ɗaya kaɗai ba, domin wahalar da ya sha ta fi.

10. Wane lokaci ya fi, kuma me za a dafa?

Da safe. Hadarin Yuni da yamma yake haɗuwa, da iska a gabansa, kuma mun taɓa ganin rumfa ta tashi sama ana tsakiyar kiran suna. A Ngaundere ma damina ta riga ta yi nisa a lokacin. A fara da hantsi a watse kafin Azahar.

Abinci kuwa wanda aka saba: shinkafa da miya, waina, makala, kifin Lagdo ga mai hali, kunun gyaɗa, folere, wato zoɓo, mai sanyi. A kula da ruwan da za a haɗa folere da ƙanƙarar da za a saka, a ajiye buta da sabulu a bakin shiga, domin damina lokacin amai da gudawa ne a yankinmu. A fara sallamar yara kafin manya.

11. An ce in yi jawabi a madadin iyaye. Me zan ce, da wane harshe?

Da harshen da iyayen da ke zaune suke ji. Darakta zai yi nasa da Faransanci, kai ka yi da Hausa, wani ya mayar da Fulatanci, ko da "usoko", wato na gode, kaɗai ka iya ka faɗe ta. Minti uku sun isa. Ka fara da sallama da godiya ga Allah, ka gaida manya bisa girmansu, ka ambaci malamai aji-aji har da malaman iyaye da mai gadi. Ka faɗi abu ɗaya takamaimai da aka yi a bana, kamar rufin ajin da aka gyara ko bencinan da aka ƙara. Ka yi wa waɗanda suka wuce barka, sannan ka juya ga waɗanda za su maimaita ka ce musu muna jiransu a Satumba kuma ba mu fid da rai da su ba. Idan an rasa wani ɗalibi ko malami a cikin shekara, a yi masa addu'a. Ƙorafin kuɗi da na shugabanci a bar shi sai taron ƙungiya.

12. Matasan da suka ci Bak suna son fita murna da abokai. A bar su?

A bar su su yi murna, sun cancanta. Wanda ya tsallake Probatuwar sannan ya tsallake Bak ya sha wuya. Abin da ba na yarda da shi shi ne jerin gwanon babura, mutum uku ko huɗu a kan guda, ana gudu ana hon. A buɗe musu tsakar gida, a dafa musu, su kira abokansu har da waɗanda ba su ga sunansu ba, a sa lokacin tashi. Hoton jerin sakamako kuma, kafin a saka a WhatsApp ko Facebook, a tuna akwai sunaye da ranakun haihuwar 'ya'yan wasu a kai.

13. Za a iya haɗa bikin da walimar saukar Alƙur'ani?

Ana iya haɗa girkin don sauƙi, amma a ba sauka lokacinta da darajarta: malamin allo a gaba, ɗalibi ya karanta daga allonsa mai zayyana, a yi addu'a. Barkar boko ta biyo baya.

14. 'Yata ta ci BEPC, dangi suna cewa karatun ya isa haka. Me zan ce musu?

A wurin walimar ake fara jin wannan magana, shi ya sa na sako ta. Ka amsa da ladabi, amma ka riga su: tun a cikin addu'a ka faɗa a gaban kowa cewa in sha Allahu a Satumba za ta shiga aji na gaba. Idan baffanta ya ce nisa yake tsoro, ka tuna masa yanzu ba sai an je Yawunde ba. Akwai jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, a Garwa tun 2022. Ka kuma tambaye shi, ranar da aka kai iyalinsa asibiti haihuwa, wa yake fatan ya tarar a ɗakin? Ungozomar da malamar da muke nema wa matanmu da 'ya'yanmu, daga irin waɗannan yara suke fitowa. Kuɗin rajistarta ya kasance cikin abin da aka fara warewa, kamar yadda na ce a tambaya ta 5.

15. Bayan an watse, akwai abin da ya rage a yi?

Takardu. A sa buletan da shaidar jarrabawa a cikin leda mai kauri, a ajiye a akwatin ƙarfe nesa da danshi da gara, a kuma yi musu kwafi, domin za a nemi buletan wajen rajista ko sauya makaranta. A mayar da littattafan aro. Waɗanda yaro ya gama da su a miƙa wa ƙanensa ko ɗan makwabci, bayan an tabbatar suna cikin jerin littattafan bana.

Mafi muhimmanci, idan yaronka zai shiga CM1 ko CM2 kuma ba shi da takardar haihuwa, wannan hutun ne lokacin nemanta. Ba a karɓar takardun CEP sai da ita, kuma na ga yarinyar da ke cikin na gaba a ajinta ta zauna a gida ranar jarrabawa saboda wannan takarda ɗaya. Wanda ba a yi wa rajista da wuri ba sai an bi ta kotu an samo hukuncin da ake kira jujman supletif, sannan a kai meri, wato ofishin magajin gari, a rubuta takardar. Abin yana ɗaukar lokaci, ana kuma neman shaidu. Ka fara da zuwa meri ɗin garin da aka haifi yaron, ka tafi da katin shaidarka da duk wata takardar asibiti ko ta rigakafi da ke hannun mahaifiyarsa.